Jirgin Da Baba Tsoho Ya Zaɓa

Kun san ƙamshin nan na takarda idan ta fito daga injin fotokwafi da ɗuminta? Jiya a ofis aka miƙo min wasu takardu, ɗumin ya ratsa tafin hannuna, ƙamshin ya bugi hancina, sai kawai na gan ni a Bukan Sidi, unguwarmu a Lafia, ina 'yar shekara goma sha biyu, na rungume takardu uku a ƙirji ina gudu kamar wadda ta sato su. Wallahi sai da na ja kujera na zauna. Bari in ba ku labarin takardun nan, don tun jiya yake cina.

A gidan kakana na wajen uwa na tashi, Baba Tsoho muke ce masa. Babana direban babbar mota ne, rabin shekara yana kan hanya, don haka ni da Mama muka zauna a can tare da Kawu, autansu Mama, wanda yake karatun aikin gona a Shabu. Mama tela ce, kekenta na ɗinki a bakin ɗaki. Baba Tsoho kafinta ne, amma idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zama ya ce shi mai tuta ne. A zamanin samartakarsa ya yi aiki a wata babbar gonar shinkafa can wajen Binuwai, inda jirgin sama yake zuwa feshin magani. Aikinsa shi ne ya tsaya a ƙarshen gona da farar tuta, matuƙin jirgi ya saito shi, ya taho ƙasa-ƙasa yana feshi. Da jirgi ya wuce ta kansa sai ya yi taku goma sha shida zuwa gefe, ya sake ɗaga tuta. Haka har a gama gonar.

Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari a gindin mangwaron gidanmu, ban taɓa gajiya ba. Jirgin rawaya ne, in ji shi, da ƙusumbi a baya inda matuƙi yake zama, kuma yana sauka ƙasa har kana ganin gashin bakin mutumin da ke ciki. Yakan miƙe tsaye ya gwada mana takun, ya ƙirga da ƙarfi, ya bi ta kan tabarmar shanyar agushin Mama, ita kuma ta yi ta faɗa. Ni yake tsokana da amarya, ni kuma in ce Allah ya sawwaƙe min tsoho mai haƙori huɗu.

Shekarar da nake ba ku labari, kafe na intanet sun fara buɗewa a Lafia. Wata ranar bazara, zafi kamar a gasa mutum, Kawu ya dawo daga makaranta ko takalmi bai cire ba ya tsuguna gaban Baba Tsoho. Ya ce ya gano akwai mutane a ƙasashen waje da suke ƙera ƙananan jirage, tsawon hannun mutum, suna tashi da roba da ake murɗawa, ba mai ba batir. Kuma zanen yadda ake ƙera su yana nan a intanet, kowa ya ga dama ya ɗauka.

"Har da na feshi?" in ji Baba Tsoho.

"Har da shi, Baba."

"To me kake jira, auta?"

Ranar nan tsohon nan ya jawo akwatin kayan aikinsa da ya shekara biyu a ƙarƙashin gado, ya zauna yana wasa wuƙaƙe yana waƙa. Ni kuwa na kasa cin tuwo. Jirgi! A gidanmu! Kafin magariba babu yaron da ban gaya wa ba a layinmu, har da ƙarin cewa zai ɗauki kaza.

Washegari na manne wa Kawu har ya gaji ya ce in hau bayan babur. Shi ne zuwana kafe na farko. Ɗaki ne ƙarami, janareto na ruri a waje, fanka na kaɗa iska mai zafi, kwamfutoci shida a jere. Zanen ba ya fitowa gaba ɗaya, a hankali yake saukowa daga saman gilashin kwamfutar, layi bayan layi. Sai ka ga wutsiya, ka jira, ka ga bayan jirgi, ka jira. Mai kafen, wani ɗan ƙabilar Eggon mai fara'a, ya leƙo ta kafaɗarmu ya ce, "Oga, wannan jirgi naku, ita zai kai ni Makurdi?" Na yi dariya har na shaƙe. Da yamma ta yi mun samu zane uku, ya buga mana su a takarda. Tun kafin Kawu ya kashe babur a bakin layi na dire, na kwasa da gudu.

Ga yadda zanukan suke. Na farko kyakkyawa ne na gaske, sak jirgin da Baba Tsoho yake siffantawa: ƙusumbin, dogon hancin, siririn fiffike a ƙasan ciki, har da bututun feshi an zana. Na biyu mai fiffike biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da sanduna da zare birjik, tun a kafe Kawu ya ce wannan sai mun shekara muna yi. Na uku kuwa, kai! Shi ma na feshi ne, da ƙusumbinsa, amma wanda ya zana shi ya faɗaɗa fiffiken ya ƙara girman wutsiyar, ya zama wani dagwarɓaɓɓe kamar agwagwar da ta baje a rana. Ni tun a hanya na yanke hukunci, na farko za mu yi.

Kawu ya karanta mana bayanin Turancin da ke ƙasan kowane zane. Na farko dole ya yi gudu, in ba haka ba ya faɗo, saboda fiffikensa ba shi da faɗi. Na uku an yi shi ne don ya tafi a hankali. Ban gane ba, sai ya ɗauki faifan Mama da murfin ƙaramin kwano ya sake su tare daga sama. Murfin ya bugi ƙasa kwaram, faifan ya sauko yana lilo. Ya ce abu mai faɗi mara nauyi iska tana riƙe shi, ba sai ya yi sauri ba. Na ce to ai gudun muke so, wa zai tara jama'a kallon agwagwa?

Baba Tsoho ya ce a ba shi na farkon. Na miƙa masa. Ya riƙe takardar da hannu biyu, ya matso da ita kusa da fuska, ya yi ta gyaɗa kai. "Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne, ko makaho ya shafa." Amma fa takardar a juye take a hannunsa, tayoyin jirgin suna kallon sama.

Nan abubuwa suka fara dawo min. Shayin da yake zubawa a gefen kofi. Yadda ya daina zuwa masallaci shi kaɗai da asuba, ya ce wai ƙafa. Yadda yake kirana da sunan Mama idan na shigo ban yi magana ba. Idon Baba Tsoho yana tafiya, kuma kowa a gidan ya sani, ni ce kawai sakarar da ba ta lura ba. Kawu ya ɗauke kai. Mama ta ci gaba da taka keke kamar ba ta ji komai ba. Babu mai iya gaya masa, don mutum ne mai zuciya, in ka ce zai faɗi gara ya faɗin da ka riƙe shi.

Abin ya tsaya min a rai. Idan muka ƙera mai gudun nan, muka sake shi ya wuce fiu, wa zai gani? Ni da Kawu da yaran layi. Shi da ya wasa wuƙaƙe yana waƙa zai tsaya yana jin ihunmu kawai. Kuma idon kullum raguwa yake, ba mu da lokacin ƙera biyu.

Sai na ƙirƙiro dabara, irin dabarar yarinyar da ke ganin ta fi kowa wayo. Da la'asar na ce Baba Tsoho ya zo filin makarantar firamare da ke bayan gidanmu ya koya mana aikin tuta. Ya taso da murnarsa. Na ɗaura ɗankwalin Mama rawaya a kan sanda, na ce ni ce jirgi, shi kuma ya riƙa nuna ni da sandarsa duk inda na yi. Na fara da tafiya, sandar ta bi ni. Na yi sassarfa, ta bi ni. Kawu ya karɓi ɗankwalin ya hau keken maƙwabcinmu ya taka a hankali, sandar ta bi shi tana ɗan makara. Sannan ya hau babur ya wuce da gudu.

Sandar ba ta motsa ba. Kawu ya kai ƙarshen fili ya juyo, Baba Tsoho yana nan yana nuna inda babu kowa, yana murmushi, yana jiran jirgi ya taso.

Ni bakina ba ya ajiye magana, har yau Mama tana fama da ni. Na ce, "Baba Tsoho, ai ya wuce tuntuni! Ba ka gani ba! In muka yi mai gudun nan ba za ka gan shi ba, wallahi ba za ka gani ba!" Na faɗa da ƙarfi, a gaban yaran da suka taru, kuma ina faɗa ina kuka.

Ya sauke sandar a hankali. Ya juya ya nufi gida, da Kawu ya kai hannu zai riƙe shi ya buge hannun. Kwana uku bai kira ni amarya ba. Akwatin kayan aiki ya koma ƙarƙashin gado. Mama ta ja kunnena har sai da na ga taurari, ta ce wa ya aike ni tona asirin babba a bainar jama'a. Na san na yi laifi, amma ko a lokacin ban yarda na yi ƙarya ba, kuma haushin kowa nake ji.

Mama ce ta gyara ɓarnar, da hanyarta ta tela. Idan za ta yanka riga daga ƙaramin hoto, takan ja layuka a kan hoton ta raba shi gida-gida, ta ja manyan gidaje a kan takardar buhun siminti, ta kwafe gida bayan gida har rigar ta fito da girmanta. Rana ta huɗu da hantsi ta ce in kawo zanukan. Muka baje takardar siminti a tsakar gida, muka danne kusurwoyin da duwatsu, ta fitar da fiffiken na farko da na uku da ainihin girmansu, ta yanke su da almakashinta. Ta kai su gindin mangwaro ta ɗora wa Baba Tsoho a cinya.

"Baba, ga kayanka. Ni ban san jirgi ba, kai ka sani. Ka duba mana da hannu."

Na laɓe bayan randa ina leƙe. Ya ɗauki siririn ya bi gefensa da yatsa tun daga tushe har ƙarshe, ya sake bi, ya daɗe a kansa. Ya auna faɗinsa da tafin hannu. Sannan ya ɗauki mai faɗin, ya auna, ya yi tsaki. Ya ɗaga shi sama ya sake, takardar ta sauko tana yawo ta sauka a ƙafarsa.

"Wannan ba jirgina ba ne," ya ce. "Nawa bai yi wannan muni ba." Can ya ce, "Ina mara kunyar nan? Na san tana bayan randa, ina jin numfashinta."

Na fito ina jan ƙafa.

"Amarya, wannan mummunan, in ya tashi, gudunsa kamar me?"

"Kawu ya ce kamar keke in ba a taka da ƙarfi ba."

Ya ninke siririn fiffiken gida biyu ya sa a aljihun rigarsa. Ya miƙo min mai faɗin. "Jawo min akwatina," ya ce. Jama'a, tsallen da na yi ranar sai da na kifar da moɗa a cikin randa!

Daga nan gidanmu ya zama wajen aiki. Da farko ya ce a yi da guntayen maɗaci don ya yi ƙwari, Kawu ya roƙe shi da girman Allah, ya ce nauyi shi ne abokin gabarmu. Sai aka koma gwangwala, reshen tukurwa mara nauyi, wadda ake kawowa daga ƙauyukan wajen Assakio. Baba Tsoho yana tsaga ta siri-siri kamar tsinken tsintsiya, ba ya ko kallon wuƙar, yatsunsa ne suke gani. In ya feƙe ɗaya sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina, ya ce a'a, ya ƙara kankarewa. Ni nake jera tsinkayen a kan zanen ina karanta masa awo, Kawu yana mannawa da gam. Farfelar da icen rimi ya sassaƙa ta, kwana biyu yana shafa ta. Robar kuwa daga tsohon tiyub na keke muka yanka, muka shafe ta da man kaɗe don ta yi santsi. Mama ta samo leda rawaya mai shara-shara a kasuwa muka lulluɓe jikin. Ni na dage sai an sa kwalin ashana a ciki da ɗan tsagi a ƙasa, a zuba toka, don jirgin feshi da ba ya feshi ai wasan yara ne.

Mangwaro ya nuna ya ƙare muna kai. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Ni da Kawu muka riƙa fita gwaji mu kaɗai. A gwajin farko ya soki ƙasa da hanci. A na biyu ya ɗaga kai sama ya faɗo ta wutsiya. A na uku ya bugi ƙarfen gola, fiffiken hagu ya karye, muka ɗaure shi da zare da gam a ɓoye bayan ajin makaranta, muka yi alkawari ba mai gaya wa Baba Tsoho.

Ranar da muka kai Baba Tsoho filin, an yi ruwan farko an ɗauke, gari ya waye luf, ko ganye ba ya motsi, ƙasa tana ƙamshi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce. Ya je ƙarshen fili ya tsaya da sandarsa, Mama a gefensa. Yaran layi sun cika bakin fili, har da matan da suka fito ɗiban ruwa sun sauke bokiti. Kawu ya riƙe jirgin ni ina murɗa farfela, ina ƙirgawa, robar tana ɗaurewa ƙulli-ƙulli. Kawu ya ce, "Ke za ki sake shi. Kar ki jefa, miƙa shi kawai." Na yi bismillah na miƙa.

Ya tafi. Wayyo Allah, ya tafi! Bai faɗo ba, bai yi sama ba, ya miƙe daidai tsayin kan mutum yana tafiya a natse, farfela tana fir-fir-fir, rana ta bugi ledar nan ta rawaya, toka tana zuba a bayansa siririya fara. Yara suka ɓarke da ihu. Ni ban kalli jirgin sosai ba, sandar nake kallo. Ta ɗago. Ta tsaya a kansa. Jirgin ya fara karkata, sandar ta karkata tare da shi, ta bi shi, ta bi shi, har ya wuce ta gaban Baba Tsoho ya sauka a ciyawa ya ɗan gangara.

Duka tafiyar ba ta wuce a ƙirga ashirin ba. Muka rugo wajen Baba Tsoho muna haki.

"Auta!" ya daka wa Kawu tsawa. "Me kuka yi wa fiffiken hagu? Ya sunkuya! Tun daga tsakiyar fili yake jan hagu, kun karya min shi kun ɗaure, ko?"

Ni da Kawu muka kalli juna. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na faɗa jikinsa ina dariya ina hawaye, yana ture ni yana cewa in tafi can, 'yar ɓarna, amma gemunsa rawa yake. Ya ce a sake. Muka sake. Sau tara muka tashe shi a safiyar nan har robar ta tsinke, kuma kowane tashi sai ya samo abin da zai kushe.

Kafin a cire doyar shekarar idon ya rufe gaba ɗaya. Ya yi shekara huɗu a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Mu a lokacin mun ɗauka tsufa ne da maganin feshin da ya sha a gona, abin da ba shi da gyara sai haƙuri. Babu wanda ya yi tunanin asibiti.

Yanzu filin makarantar an kewaye shi da katanga, bayansa duk gidaje ne, kafen nan ya zama shagon sayar da waya. Bara idon Mama ya fara irin wannan hazon, sak na Baba Tsoho. Na kai ta asibiti, likita ya haska ya ce yanar ido ce kawai, ta gado ce ma wataƙila. Da safe aka shiga da ita tiyata, kafin azahar an fito. Ina zaune a benci a waje ina tuna wata biyu da muka yi muna kankare gwangwala don a rage wa jirgi gudu, sai na rasa dariya zan yi ko kuka.

Washegari aka cire mata bandeji. Mun fito muna jiran abin hawa a bakin titi, sai ta kama hannuna ta nuna sama. Wani jirgi ne can ƙololuwa, ɗan mitsitsi, ni da lafiyayyen idona sai da na yi ta nema kafin na same shi.

"Kin gan shi?" ta ce.

Na ce na gani, Mama.

Ta bi shi da ido har ya shige gajimare. Sannan ta ce, "Da Baba ne," ba ta ƙarasa ba ta gyara mayafinta. Ni ma ban ƙarasa mata ba.